Me ke riƙe direba a ƙananan filayen tsere, rage tsada ko wani abu daban?

MaiTuta
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ba maganar Formula 1 na zo da ita ba, ba kuma manyan gasannin da ake nunawa a talabijin ba. Ina nufin tseren ƙarshen mako na ƙananan filaye, inda direba shi ne bakaniken kansa, shi ke jawo motarsa a tirela, in ta lalace shi ke kwana a ƙarƙashinta. Ni aikina a filinmu ɗaga tuta ne, saboda haka kullum idona na kan layin motoci kafin a tashi. Wasu rukunonin layinsu sai gajarcewa yake yi, wasu kuma sai ƙaruwa. Abin da na fahimta shi ne, duk maganar kuɗi ce. Rukunin da aka bar mai kuɗi ya sayi nasara, ba ya daɗewa yake watsewa. Wanda aka toshe wa ƙofar kashe kuɗi, shi ke cika. Wa ke da ja?

Tsohon_Bakanike
Wa alaikumus salam. Malam MaiTuta, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma ba yau aka gano haka ba. Ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka mai suna IMCA, wadda aka kafa tun 1915, da ta fito da rukunin Modified a 1979 sai ta ɗora shi a kan doka guda mai ban tsoro: in ka gama a sahun gaba, wani direban da kuka yi tseren tare yana da ikon ya ajiye ƙayyadadden kuɗi ya ce a sauke masa injinka. Nan take, a gaban jama'a. To wane mai hankali ne zai zuba dukiyarsa a injin da za a iya ɗauke masa da araha a daren? Shi ya sa talaka ya samu wurin shiga. Ka duba taron da suke yi duk Satumba a Boone da ke jihar Iowa, motoci ɗaruruwa ke zuwa.

Fistin_Hudu
Baba, a takarda dokar tana da kyau. Amma na ga irinta a aikace, kuma gaba take haifarwa. Mutum ya yi wata da watanni yana haɗa inji da hannunsa, ba kuɗi ya sa ba, basira ya sa, sai wani da ba ya iya ɗaure ko noti ya zo ya ɗauke. Gobe abokan wanda aka ɗauke wa su rama. Akwai mutum biyu a wajenmu da har yanzu ba sa ga maciji a kan haka, ɗayan ma ya sayar da tirelarsa ya bar harkar. Sannan kuɗin ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. Ka hana shi a inji, ya koma shokozoba da taya.

Kwana_Uku
Ku dai ba ku ga na mutanen Finland da Sweden ba. Su ba inji kaɗai ba, motar ɗungurungum. A Sweden ana kiransa folkrace, a Finland kuma jokkis. Bayan an gama tsere kowace mota tana kasuwa a kan farashi guda da hukuma ta yanke. In mutum fiye da ɗaya suka nuna suna so, a yi ƙuri'a. Mai mota ya cire kujerarsa da bel ɗinsa, ya miƙa sauran. Hanyar ma an tsara ta yadda gudu ba zai yi yawa ba, a Sweden bai kamata ya wuce kilomita 80 a awa ba. Yara 'yan shekara 15 suna shiga, tsofaffi suna shiga, mata suna shiga. Ba mamaki ƙasashe masu ƙarancin jama'a irin waɗannan suke ta fitar da gwanayen rali.

DanKallo
To in na ce ba zan sayar ba fa? Motata ce ai.

Kwana_Uku
Sai a karɓe lasisinka na tsere, ka koma gida ka yi ta kallon motarka. Abin da ya sa ba ta haifar da gabar da Fistin ke faɗa shi ne, kowa ya san da haka tun kafin ya sa ƙafa. Ba wanda ke ƙulla soyayya da motar. Yau taka ce, mako mai zuwa kana iya ganinta a gabanka wani na tuƙawa.

Mai_Lissafi
Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ba ta ƙwace ba ce, ta hatimi ce. Kamfani ya haɗa inji iri ɗaya, ya ɗaure shi da kusoshi masu hatimi, kowa ya sayi irinsa. Na General Motors da ake kira 602 da 604 sun cika filayen Amurka, na farkon ƙarfinsa wajen doki 350, na biyun wajen 400. Haka motocin Legends da aka ƙirƙiro a Charlotte a 1992, ƙananan motoci masu siffar na shekarun 1930 da injin babur na Yamaha, duk a rufe. Amma fa hatimi ba ya tsare kansa. In filin ba shi da mai duba motoci da ya san aikinsa kuma ba ya jin kunyar kowa, sai a buɗe injin a gyara a mayar da hatimin jabu. Ranar da direbobi suka fara raɗe-raɗin cewa wane yana maguɗi kuma an kau da kai, ranar rukunin ya fara mutuwa, ko da kuwa ba gaskiya ba ne.

Kuma ni a lissafina inji ba shi ke cinye mutum ba. Inji sau ɗaya kake saye. Taya ce ke binka duk mako. Lokacin da aka yi ƙarancin tayoyin tsere a 2021 da 2022, filaye da dama dole suka ƙayyade adadin da mutum zai saya, wasu tseren ma aka soke su. Abin mamaki, ƙananan direbobi da yawa sun ji daɗin ƙayyadewar, don a karon farko mai kuɗi bai iya sa sababbi huɗu duk fita ba.

Uwar_Direba
Ku yi mini uzuri, ku maza duk kun tattara a kan inji da taya. Ni ɗana ke tsere, ni ke zama a kan benci, kuma ni ke ganin waɗanda ke tashi su tafi. Ba tsada ke fara korar mutane ba, ɓata lokaci ne. A ce za a fara da yamma, a yi ta jan ƙafa, mota ta juya a tsaya, a share hanya a tsaya, a yi gardamar wa ke gaban wa a tsaya. Kafin a zo babban tseren dare ya raba, yara sun yi barci a cinyar iyayensu. Matar da ta sha wannan sau biyu ba za ta sake zuwa ba, in kuwa ba ta zuwa, maigidan ma kwanansa a harkar ƙidayayye ne.

Abu na biyu, yadda ake karɓar baƙo. Ranar da muka fara zuwa ba mu san ko inda ake auna mota ba. Wani dattijo da ke gefenmu ya ga muna ta dube-dube, ya bar tasa motar ya zo ya duba iskar tayoyinmu, ya rage, ya ce wa yaron ya bi bayansa a zagayen gwaji ya ga inda yake taka birki. Da dare lagireto ya fashe mana, shi ya ciro nasa na ajiya ya ba mu aro. Wallahi da ba don mutumin nan ba da mun daɗe da bari. Wannan ba ya cikin littafin doka.

MaiTuta
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke mana ciwo. Jinkirin nan yawanci daga yawan rukunoni yake. Kowane rukuni sai an yi masa zagayen gwaji, da na share fage, da na ƙarshe. Filayen da suka gyara abin sun sa wa kowane tsere iyakar mintuna, in lokaci ya cika a ɗaga tutar ƙarshe ko zagaye nawa ya rage. Wasu kuma in ka jawo tsayawa sau biyu, ka fita. Na'urar ƙidayar zagaye da ake maƙala wa mota ita ma ta kashe gardamar wa ke gaba. Amma har yanzu ina kan bakana, wanda ba shi da kuɗin taya ko an tashi da wuri ba zai zo ba.

Salansa
Duk kuna magana kamar filin zai dawwama yana jiranku. Ko direbobi sun cika, in mai ƙasar ya samu tayin da ya fi, an gama. Irwindale da ke kusa da Los Angeles, fili mai kyau da aka buɗe a 1999, an rufe shi a ƙarshen 2024 don a yi gine-ginen kasuwanci a wurin. Filin Wimbledon na Landan, inda aka daɗe ana tseren tsofaffin motoci masu bugun juna, an rufe shi a 2017, yanzu filin ƙwallo ne da gidaje. Yawancin filayen nan a bayan gari aka gina su, gari ya biyo su. Mutum ya sayi gida kusa da filin da ya girme shi, sannan ya kai ƙarar hayaniya. Ko filin Laguna Seca na Kalifoniya, da ke nan tun 1957, sai da maƙwabta suka maka masu shi a kotu kan hayaniya. Shi ya sa filin da ke son rai yake tilasta salansa, yake auna ƙarar kowace mota, yake kashe fitila a kan lokaci. Direbobi na ƙorafi, amma gara salansa da kwaɗo a ƙofa.

Birki_Ya_Kama
Mai suna Salansa yana tallar salansa. Yallaɓai ko kana sayarwa ne mu zo?

Salansa
In ka zo da motarka mai kukan nan ma kyauta zan ɗaura maka, don maƙwabta su huta.

Matashi_07
Ina neman izinin manya in sa baki. Ba wanda ya yi maganar inda sababbin direbobi za su fito. Mu tsaranmu a kwamfuta muka fara sanin tsere. William Byron, direba a NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka, a wasan tseren kwamfuta na iRacing ya koya, sai daga baya ya shiga motar Legends yana matashi, ga shi ya ci babban tseren gasar, Daytona 500, a 2024 da 2025. Kuma ku tuna filin tsere na North Wilkesboro. An rufe shi a 1996, ciyawa ta cinye shi. A ƙarshen 2019 tsohon direban NASCAR Dale Earnhardt Jr. ya tara mutane suka share shi don a ɗauki hotonsa a sa a iRacing. Daga nan hankali ya dawo kansa, jihar North Carolina ta ware masa dala miliyan 18, a 2023 aka yi tseren All-Star na NASCAR a can. Wasan da ake raina mu a kansa ya taimaka wajen tada filin gaske.

Tsohon_Bakanike
Yaro, Byron ɗaya ne, kuma gidansu ba su rasa abin saya masa mota ba. North Wilkesboro kuwa suna gare shi da tarihi, ga gwamnati, ga NASCAR. Ƙaramin filin da ba wanda ya san shi, wa zai ba shi miliyan 18? Ni abin da ke damuna da ku, kun iya layin da za a bi a kwana, ban musa ba, na ga wani yaro ya zo ranar farko yana bin layi kamar tsohon hannu. Amma ya daki bango, ya fito yana kallon ƙafar motar a karkace, bai san ta inda zai fara ba. A kwamfuta maɓalli kake dannawa mota ta dawo sabuwa. A nan sai ka nemi walda, ka yi dare uku a gareji. A wurin nan ne akasarinku ke sulalewa.

Matashi_07
Baba, gaskiya ne ban iya walda ba. Amma wa ya koya mana? Motar gidanmu in ka buɗe gabanta roba ce ta rufe komai, sai an sa mata kwamfuta ake sanin ciwonta. Ku kun taso da motocin da ake kwancewa da sifana. In kuna so mu zauna, ku bar mu mu riƙe muku fitila a gareji, kada ku yi ta mana dariya.

Uwar_Direba
Ka ji magana. Baba, ka ɗauke shi mana.

Sarkin_Akwala
Maganar yaron nan ta kawo ni kan abin da na daɗe ina faɗa. Ƙaramin rukuni a kan akwala yake rayuwa, motar da za ka saya a hannun 'yan gwangwan, ka fasa gilasai, ka cire kujeru, ka yi mata kejin ƙarfe ka shiga. A Amurka shekara da shekaru tsofaffin manyan motoci masu silinda takwas da ke ja da ƙafar baya su ne abin hawa. Sun ƙare. Tsatsa ta ci wasu, tsere ya ci wasu, masu tara tsofaffin motoci sun tsadar da sauran. Shirin gwamnati na 2009 na karɓar tsohuwar mota a ba ka rangwamen sabuwa ma ya aika kusan 700,000 wurin niƙa, an lalata injinansu da gangan. Filayen da suka farga sun buɗe rukunin ƙananan motoci masu silinda huɗu da ke ja da ƙafar gaba. Tsofaffin hannu suka yi ta tsaki wai ba motar tsere ba ce, amma je ka ƙirga layi ka gani. Wasu suka buɗe rukunin Ford Crown Victoria, tsofaffin motocin 'yan sanda da tasi, ita ma tun 2011 aka daina ƙera ta, wata rana za ta ƙare. A Ingila suna tseren dogon zango da Citroën C1 da Ford Ka, abokai su haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓar tuƙi.

Wanda ya fi burge ni shi ne tseren 24 Hours of Lemons da aka fara a Kalifoniya a 2006. Doka ta ce motarka kada ta wuce dala 500. In alƙalai suka ga alamar ka wuce, su rage maka zagaye tun kafin a tashi.

Mai_Lissafi
Sarki, a cika maganar. Dala 500 ɗin ba ta haɗa da kayan kariya ba, ba ta haɗa da birki da taya ba. Kafin ka yi keji, ka sayi kujera da bel da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, ka ninka kuɗin motar sau da yawa. Kuma nan ne wurin da ba na goyon bayan a rage ko kwabo. Na'urar riƙe wuya da NASCAR ta wajabta a 2001 bayan rasuwar direba Dale Earnhardt, mahaifin Dale Jr., ta gangaro har ƙananan filaye, bel ma yana da wa'adi, in ya cika sai ka sake ko da bai nuna tsufa ba. Abin da wasu ƙungiyoyi ke yi, kuma ya dace a kwaikwaya, shi ne ajiye kayan haya ko na aro don mai gwadawa a karon farko. Mutum ya ɗanɗana tukuna kafin ya zuba kuɗi.

Fistin_Hudu
Ina tare da Sarki a kan buɗe ƙofa, amma a yi hattara. Duk wanda ya yi ƙorafi a buɗe masa rukuninsa, ƙarshenta ka samu rukuni tara kowanne da mota biyar. Ɗan kallo bai biya kuɗi don ya ga mota biyar na bin juna ba. Ga kuma jinkirin da Hajiya ta yi kuka da shi. Ni da za a bi tawa, rukuni uku ko huɗu sun isa, kuma filayen da ke kusa da juna su daidaita dokokinsu. Abin takaici ne ka gina mota don fili ɗaya, ka je na gaba a ce ba ta cika sharaɗi ba saboda faɗin taya.

DanKallo
Tunda an ambaci ɗan kallo, ga ni. Ni yanzu rabin tseren a waya nake gani, tashoshin intanet na FloRacing da DIRTVision sun kawo filayen da ban taɓa mafarkin gani ba. To ina tambaya, wannan taimakon fili yake yi ko cutarsa? Don ranar da hadari ya haɗu, gaskiya ba na fita.

MaiTuta
Kai ne matsalar ashe! Kuɗin ƙofa da abin da 'yan kallo ke saye a ciki, da su ake biyan ladan direbobi. In benci ya zama wayam, sai mai fili ya koma tatsar direbobin da kuɗin shiga, su biya da hannun dama a ba su lada da hannun hagu.

Kwana_Uku
Ba duka ba. Direban da ake nuna motarsa a intanet ya fi samun mai ɗaukar nauyi, don yana da abin nunawa. Kuma dubi Cleetus McFarland, ɗan YouTube da ya sayi rufaffen filin DeSoto a Florida a 2020 ya mai da shi Freedom Factory. Masu kallonsa ta intanet ne suka tada wurin. Ban ce kowa zai iya ba, amma filin da har yau ba ya sa sakamakon tsere a shafinsa a daren da aka yi, ba ya sa ko ɗan bidiyo, kada ya zargi kowa.

Salansa
Ƙari a kan batun sababbin shiga. Hukumar Motorsport UK tana ba da lasisin matakin farko kyauta, kuma a 2022 ta fito da shirin StreetCar, inda za ka zo da motar da kake zuwa aiki da ita ka yi gasar zagaye robobi a fili, ɗaya bayan ɗaya da agogo. Ba tirela, ba keji, ba bugun juna. Kuma ƙararsa kaɗan ce, ba mai kai ka kotu. Da yawa daga nan suke hawa sama.

Tsohon_Bakanike
Wannan ai koyon faka mota ne da sauri. Amma dai na ji, in zai kawo yara a yi.

MaiTuta, na dawo kan tambayarka. Na ga mutanen da ba su da ko sisi sun yi shekaru suna zuwa da motar da igiya ta riƙe, na kuma ga masu hali da suka tafi bayan kaka ɗaya. Wanda ya tafi, in ka bincika, ko dai an sauya doka da tsakar kaka motarsa ta zama haramtacciya, ko an yi masa hukuncin da ba a yi wa ɗan gidan mai fili ba, ko kuma kullum shi ne na ƙarshe ba wanda ya taɓa ce masa ga abin da za ka gyara. Mutum zai jure talauci a harkar nan, ba zai jure raini ba.

MaiTuta
Baba, ban ƙi taka ba, amma sauya doka da tsakar kaka ai shi ma kuɗi ne, don sai ka sake sayen kaya. Ni dai abin da zan kai wa masu filinmu shi ne a sanar da duk wata sabuwar doka shekara guda kafin ta fara aiki, a kuma ƙayyade taya.

Fistin_Hudu
In za ku ƙayyade taya ku fara samo wanda zai riƙa duba lambar kowace ɗaya a ƙofa. Wanda muke da shi yanzu shi ke auna mota, shi ke duba inji, shi ke tuƙa motar janwe, kuma ba biyansa ake ba.

Matashi_07
Ni zan iya duba lambar taya, waya kawai ake buƙata. Baba, maganar gareji fa, wace rana kake buɗewa?

Tsohon_Bakanike
Turo mini saƙo ta gefe. Ka zo da kayan da ba ka so, kuma ka bar wayar a aljihu sai mun sauke giyar mota.